Daga Kurna Zuwa Tumfafi: Yadda Ya Kamata a Rubuta Sunan Tsiro da Hausa

Duk wanda ya kama hanyar Katsina daga birnin Kano yakan ratsa sunayen itatuwa tun kafin ya kai ga itatuwan kansu. Zai wuce Kurna, ya wuce Rijiyar Lemo, sannan ya faɗa ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ta wajen Dawanau. A cikin mazaɓun wannan ƙaramar hukuma akwai Marke, akwai kuma Tumfafi, wadda jin sunanta kaɗai ya isa ya tuna wa mutum tumfafiya. Kalmar ƙarshe ta sunan ƙaramar hukumar ma, idan aka rubuta ta da ƙaramin baƙi, sunan wata ciyawa ce mai kaifin ganye wadda ake jinkar ɗaki da ita. Da an sauka daga kwalta an shiga gonaki, sai a tarar da abin da masana labarin ƙasa irin su Michael Mortimore suka yi ta nazari a kewayen Kano tun shekarun 1960: ƙasa ce da ake nomawa kowace damina ba hutu, jama'a sun cika ta maƙil, amma duk da haka itatuwa na nan tsaye a tsakiyar gero da dawa. Ɗorawa, tsamiya, kuka, gawo, kanya, ɗinya, babu wadda ba ta da mai ita, har wani lokaci mallakar itace takan bambanta da mallakar gonar da yake tsaye a ciki.

Manomin Dawakin Tofa ba ya rikita waɗannan sunaye. Rikicin yana hannun masu alƙalami. A jaridu da shafukan intanet, a takardun wayar da kan manoma, a jikin kwalaben maganin gargajiya, itace guda sai a same shi da kamanni huɗu: dogon yaro, Dogon Yaro, dogon-yaro, dogonyaro. Wani ya sa sunan a cikin alamar ɗauko magana kamar baƙon da ya zo daga wata uwa duniya, wani ya manna masa sunan Ingilishi a gefe don ya nuna ya yi boko, wani kuma ya cire wa ɗorawa lanƙwasarta ya bar ta tsirara. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, irin na masu neman aibu a rubutun mutane. Sai dai sunayen tsirrai su ne sunayen abinci da magani da guba da kayan fatauci, kuma edita da ya bar su ba ƙa'ida ya bar ƙofar kuskure a buɗe a wuraren da kuskure ke da tsada.

Rubutun boko na Hausa ya daɗe da samun ƙa'idoji. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutunsa a 1912. A shekarun 1930 aka karɓi baƙaƙe masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta kai daidaitacciyar Hausa lungu da saƙo. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Abin da waɗannan matakai suka tsayar shi ne baƙaƙe da wasula, da inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Shimfiɗa waɗannan dokoki a kan sunayen tsirrai aiki ne da ya rage ga editoci, kuma har yau kowane gida da irin tasa rawar.

Batun babban baƙi shi ne mafi sauƙi. Sunan tsiro suna ne gama-gari, kamar akuya, kamar tukunya, don haka ƙaramin baƙi ne haƙƙinsa in ba a farkon jimla ya zo ba. Masu rubutu da Ingilishi sun daɗe suna jayayya a kan wannan: yawancin jaridunsu na amfani da ƙaramin baƙi, wasu ƙungiyoyin masana tsirrai kuma na fifita babba. Jamusanci kuwa kowane suna da babban baƙi yake farawa. Hausa tana da dalili nata na kanta da ya sa bai kamata ta shiga wannan jayayya ba, kuma dalilin yana rubuce a allunan hanya. A ƙasar da Kurna unguwa ce, Marke mazaɓa ce, Giginyu da Ɗorayi da Rimin Gado da Tsamiyar Boka duk wurare ne da mutane ke kwana suna tashi, babban baƙi shi ne kaɗai abin da ke gaya wa mai karatu ko wuri ake nufi ko itace. Jimlar da ta ce gobara ta cinye Marke labari ne na tashin hankali, wadda ta ce gobara ta cinye marke kuwa asarar gungume ce. Haka nan wanda ya rubuta cewa an daina ganin Baba a kasuwa, alhali yana nufin tsiron da marina ke samun shuni daga gare shi, ya sa mai karatu jajanta wa iyalan wani dattijo. A ajami wannan bambanci babu shi, domin baƙaƙen Larabci ba su da babba da ƙarami. Boko ne ya zo da shi, kuma abin takaici ne a ce an karɓi kayan aiki sannan a riƙa watsa shi ko'ina kamar gishiri.

Inda sunan wuri ko na al'umma ya shiga cikin sunan tsiro, shi kaɗai ne zai riƙe babban baƙinsa: bagaruwar Makka, dankalin Turawa. Inda kuwa sunan ya narke ya zama kalma guda, kamar masara, wadda masu nazarin harshe ke dangantawa da Masar, babu sauran dalilin ɗaga mata kai.

Lanƙwasa ta fi wannan nauyi. Hausa ta riga ta yafe wa marubuci abubuwa biyu, wato karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa kuka ta miya da kuka na hawaye suke kama ɗaya a takarda, haka dawa ta tuwo da dawa ta namun daji, haka rama ta kwaɗo da rama ta rashin lafiya, haka lalle na ƙunshi da lalle na tabbatarwa. Mai karatu na warware waɗannan daga muhallin magana, kuma ya saba. Amma idan aka ƙara masa da cire lanƙwasa, an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Wake abinci ne, waƙe kuwa aikin malamai da marubuta ne. Kaura irin dawa ce mai launin rawaya, ƙaura kuwa tashi ne daga gari, ko sarautar yaƙi idan aka sa mata babban baƙi. A Sakkwato da Katsina da Maraɗi auduga ita ce kaɗa, kuma rahoton da ya ce farashin kada ya tashi a kasuwa ya koma labarin masunta. Riɗi, gyaɗa, kuɓewa, zoɓo, ɓaure, ƙirya, maɗaci, ceɗiya, kaɗanya, ƙuduji: kusan a ce babu wani fanni na kalmomin Hausa da baƙaƙe masu lanƙwasa suka yi wa yawa kamar na tsirrai. Uzurin da ake bayarwa a da shi ne keken rubutu ba shi da su. Yau baƙaƙen na cikin tsarin haruffan kwamfuta na duniya, kuma allon rubutun Hausa na waya kyauta ake sauke shi. Wannan uzuri ya daɗe da rasuwa, saura a yi masa sutura.

Akwai wani tushe na wannan matsala da ba a cika lura da shi ba. Littafin farko da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya haɗa su da sunayen kimiyya shi ne na John McEwen Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, wanda aka buga a Landan a 1916. Daga baya, a 1937, ya fitar da babban kundinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda H. M. Burkill ya sabunta ya faɗaɗa a juzu'i shida tsakanin 1985 da 2004 a lambun nazarin tsirrai na Kew. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin ba don shi ba da sunaye da dama sun bi tsofaffin da suka san su zuwa kabari. Amma littafin 1916 ya riga baƙaƙe masu lanƙwasa zuwa duniya, ya kuma fito a zamanin da ake rubuta sautin c da ch irin na Ingilishi. Daga irin waɗannan tsofaffin madogarai ne rubutu kamar madachi da chediya da dorowa da kiriya ya shiga maƙalun jami'o'i, ɗalibi ya kwafa daga malami, malami ya kwafa daga mujalla, har ɗan jarida Bahaushe ya je ya ɗauko sunan itacen ƙofar gidansu daga maƙalar Ingilishi, ya dawo da shi cikin Hausa a gurguje. Ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 2020, duk suna nan. Wajen rubuta sunan Hausa, ƙamus ne alƙali. Maƙalar kimiyya aikinta ta faɗi wane tsiro ne.

Harɗaɗɗun sunaye su ne suka fi buƙatar natsuwa, kuma a nan ne hikimar Bahaushe wajen raɗa suna ta fi fitowa fili. Wasu jimloli ne sukutum aka mayar suna: haukata-yaro, cin-da-zugu, rai-ɗore. Waɗannan karan ɗori ne ya dace da su, kamar yadda ake rubuta faɗi-ka-mutu da ka-ce-na-ce, domin in babu shi mai karatu zai ɗauki aikatau ɗin a matsayin aikatau, ya bi shi ya ɓata. Maimaitattun sunaye irin su wuta-wuta su ma haka. Wasu kuma mahaɗin mallaka ne ya ɗaure su: gwandar daji, nonon kurciya, lemon tsami, kashin yawo. Waɗannan a bar su a rabe, tunda -n da -r sun riga sun yi aikin ɗauri, kuma ba wanda zai ɗauka ana maganar tatsar kurciya ne.

Dogon yaro ne ya fita zakka. Shi ma mahaɗi ne ya ɗaure shi, amma bambancinsa da nonon kurciya shi ne dogayen yara suna nan birjik a kowace unguwa. Kanun labari da ya ce an sare dogon yaro a bakin kasuwa zai sa iyaye su fito neman 'ya'yansu. Saboda haka ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a haɗe shi ya zama kalma guda, dogonyaro, kamar yadda wasu marubuta suka riga suka soma yi ba tare da an umarce su ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: in sunan zai iya rikicewa da maganar yau da kullum, a haɗe shi ko a ɗora masa kara, in ba zai iya ba, a ƙyale shi. Itacen kansa baƙo ne, daga yankin Indiya aka kawo shi a zamanin mulkin mallaka, kuma saurin tsayinsa ne ya ja masa wannan laƙabi. Ga shi yau ya tara sunaye fiye da 'yan gida: darbejiya, maina, bedi, dogonyaro.

Wannan ya kawo batun karin harshe, kuma babu inda ya fi dacewa a duba shi kamar Dawanau. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana cikin manyan kasuwannin abinci na Afirka ta Yamma. Fatake na zuwa mata daga Nijar da Chadi da Kamaru da sauran maƙwabta, daga cikinta kuma riɗi ke tafiya ƙasashen Asiya, zoɓo ya nufi Meziko. A bakin Bakano, gyaɗa ita ce wadda ake matse mai a yi ƙuliƙuli, gurjiya ko gujiya kuma wata aba ce daban mai ƙwaya ƙulu-ƙulu da ake dafawa. A bakin mutumin Sakkwato ko Maraɗi, gujiya ita ce gyaɗar Bakano, waccan ɗayar kuma kwaruru. Hatsi a Kano ya haɗa gero da dawa da maiwa, a yammacin ƙasar Hausa kuwa in an ce hatsi gero ake nufi. Kuɓewar Kano ita ce guron Sakkwato. Dillalan kasuwa ba sa faɗawa wannan rami, domin buhu na gabansu, sai a kwance a duba. Mai karanta rahoton farashi a waya ba shi da buhu a gabansa. Idan shafin da ake karantawa daga Kano har Damagaram ya rubuta cewa buhun gujiya ya kai kaza, rabin masu karatu sun fahimci wani abu, rabi sun fahimci wani, kuma cikinsu akwai wanda zai ɗauki mota a kan wannan labari.

Maganin wannan ba shi ne a ayyana sunan Kano a matsayin daidai a kira sauran kuskure ba. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan karin Kano, gaskiya ne, amma a fagen tsirrai yankunan yamma da arewa na riƙe da kalmomin da Kano ba ta da su, kuma ƙa'idar da za ta shafe guro da kwaruru ta yi ɓarna fiye da gyara. Abin da ya dace shi ne gidan jarida ya zaɓi suna ɗaya ya tsaya a kansa daga farkon labari zuwa ƙarshe, sannan a ambaton farko ya kawo ɗan'uwansa sau ɗaya: gyaɗa, wadda a Sakkwato da Nijar ake kira gujiya. Kalmomi takwas ne, ba za su cinye shafi ba.

Haka kuma ya kamata a kiyaye bambancin da harshen ya riga ya yi tsakanin tsiro da sassansa. Yakuwa ita ce tsiron da ganyensa, zoɓo ko zoɓorodo shi ne jan kwanson da ake jiƙawa, gurguzu kuma 'ya'yan. Goruba itace ce, kaba ganyenta. Giginya uwa ce, muruci ɗanta. Ɗorawa na ba da kalwa, kalwa ta zama daddawa. Marubucin da ya ce manoma sun shuka zoɓo kowa zai gane shi, amma wanda ya ce sun shuka yakuwa domin zoɓo ya fi shi sanin gona.

Sai sunan kimiyya, wanda mutane da yawa ke kira sunan Turanci, alhali Latin ne, kuma Bature ma koyonsa yake yi. Tun da Carl Linnaeus na Suwidin ya fitar da littafinsa a 1753 aka tsaya a kan kalmomi biyu: ta farko sunan dangi, da babban baƙi, ta biyu sunan nau'i, da ƙaramin baƙi, dukansu a karkataccen rubutu. Kuka ita ce *Adansonia digitata*, ɗorawa *Parkia biglobosa*, zogale *Moringa oleifera*. Wannan doka ta duniya ce, ba ta buƙatar a mayar da ita Hausa, kuma kuskure ne a sake wa sunan Latin rubutu don ya dace da lafazin Bahaushe, domin amfaninsa ɗaya ne tak: wanda ya gan shi a Kano ya iya nemo shi a Alƙahira ko Delhi ya samu tsiro guda. A rubutun Hausa shi ne baƙo, don haka shi ne zai karkace. Sunan Hausa ɗan gida ne, ba ya buƙatar alamar ɗauko magana ko wani ado.

Ba kowane labari ne ke buƙatar Latin ba. Mai rubuta yadda ake miyar kuka da ya tsaya kawo sunan Adanson ya cika iyayi. Wurin da ya zama wajibi shi ne inda lafiya ko dukiya ke kan gaba, kuma shekarar 2020 ta ba da misali. A watan Afrilu na wannan shekara shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya ƙaddamar da wani tsimi da ya ce yana maganin korona, wanda aka haɗa da *Artemisia annua*. Cikin 'yan kwanaki labari ya bazu cikin Hausa cewa ai tazargade ce. Amma *Artemisia* dangi ne mai ɗaruruwan nau'o'i, kuma tazargaden da masu bincike a Zariya suka yi nazari a kanta sun rubuta ta ne da sunan *Artemisia maciverae*. Dangi ɗaya ba ya nufin sinadari ɗaya ko ƙarfi ɗaya. Labarin da ya tsallake daga Latin zuwa sunan da ke hannun mai kayan ƙoli, ba tare da ya ce uffan a kan wannan tazara ba, ya tura mutane shan abin da ba shi ake magana a kai ba, balle ma a zo ga tambayar ko tsimin na Madagaska yana aiki. Haka abin yake ga zaƙami, *Datura metel*, wanda ganyensa da furensa da 'ya'yansa duk guba ne. Gargaɗin da ya kira shi zaƙami kaɗai bai isa ga uwar da ta san shi da haukata-yaro ba, kuma likitan da zai nemi maganin gubar a littafi sunan Latin yake buƙata.

Hatsarin ya fi yawa a fassara. Ana ɗauko labarin lafiya daga Ingilishi ko Larabci, a ga sunan ganye, a laluba a manna masa sunan Hausa mafi kusa. Ganyen da Turawa ke ci wanda ake yawan fassarawa da alayyafo sunansa *Spinacia oleracea*, alayyafon fadamun Kano kuwa daga dangin *Amaranthus* yake. Atili na Filato, *Canarium schweinfurthii*, ba shi da alaƙa da zaitun na ƙasashen Bahar Rum, ko da yake kamannin 'ya'yansu kan sa a haɗa su. Akwai ma wurin da al'ada ta riga ta yi nata zaɓi: malamai sun daɗe suna fassara sidir na Larabci da magarya, alhali itacen da aka fi sani da wannan suna a ƙasashen Larabawa, *Ziziphus spina-christi*, shi ne Bahaushe ke kira kurna, magarya kuwa *Ziziphus mauritiana* ce. 'Yan ɗaki ɗaya ne, kuma kalmar Larabcin na iya ɗaukar fiye da nau'i guda, don haka babu abin gyarawa a karatun zaure. Amma mai tallan zumar sidir, ko mai fassara binciken da aka yi a kan ganyensa, ya kamata ya san akwai itatuwa biyu a gabansa.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba: sunan Latin ɗin ma ba ya zama wuri ɗaya. Gawo ya daɗe ana kiransa *Acacia albida* kafin a tsaya a kan *Faidherbia albida*, sunan da ke ɗauke da na Louis Faidherbe, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal. Kaɗanya ta tashi daga *Butyrospermum* ta koma *Vitellaria paradoxa*. Tafasa ta bar *Cassia* ta shiga *Senna*. Mafi zafi shi ne hukuncin da babban taron masana tsirrai na duniya ya yanke a Biyana a 2005, aka kuma tabbatar a Melbon a 2011, wanda ya bar wa itatuwan Ostireliya sunan *Acacia*, ya sa na Afirka neman sababbin sunaye. Da haka bagaruwa ta zama *Vachellia nilotica*, dakwara mai ƙaro ta zama *Senegalia senegal*. A duk tsawon wannan kai-komo, gawon da ke tsakiyar gonakin Dawakin Tofa gawo ne, yana kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya tsiro da sabo da rani. Abin da wannan ke nunawa shi ne kowane ɗaya daga cikin sunayen biyu yana da inda yake da rauni. Na Hausa ya fi jure wa shekaru amma yana sauyawa daga gari zuwa gari, na Latin ya fi jure wa tafiya amma taro na iya sauya shi. Shi ya sa a labarin magani ko fatauci ake son su biyun a jere, na Hausa a gaba.

Saura sunayen iri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana fitar da irinta da sunaye irin su SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMMAZ na masara, kowanne da lambarsa, kuma waɗannan a bar su yadda cibiyar ta rubuta, har da lambar, domin lambar ce ke raba iri da iri. Manoma kuma suna da nasu: wake Ɗan Ila, wake Kanannado, gyaɗa 'Yar Dakar, shinkafa Jamila. Waɗannan sunayen yanka ne, babban baƙi ya dace da su. Dokar duniya ta tsirran noma ta ce a sa sunan iri tsakanin ɗigon waƙafi guda-guda na sama, amma a Hausa wannan alama tana da aiki, ita ce ke cikin 'ya'ya da 'yar. Wanda ya gwada kewaye 'Yar Dakar da ita zai ga yadda alamomin ke cin karo. Gara a bar ta, babban baƙi ya wadatar. Kaura da farfara kuwa manyan rukunoni ne na dawa da kowannensu ya ƙunshi iri da yawa, don haka ƙaramin baƙi ne nasu.

Kayan wannan aiki suna nan a warwatse. Roger Blench ya tattara jerin sunayen tsirrai na Hausa da takwarorinsu na kimiyya. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna da ɗakunan adana busassun tsirrai inda ake tantance samfuri, Bayero kuma tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya wadda ta fitar da ƙamusun 2006. Abin da ya rage shi ne masana harshe da masana tsirrai su zauna tebur ɗaya, tare da malaman gona da masu maganin gargajiya da dillalan hatsi, su fitar da ɗan jeri da ɗan jarida zai iya buɗewa a wayarsa cikin minti guda. Kafin a kai ga haka, kowane edita na iya fara nasa da kayan da ake saukewa a Dawanau a rana ɗaya, domin su ne sunayen da suka fi yawo a rahotanni. Kowane layi abu uku zai ɗauka: rubutun da gidan ya zaɓa, sunayen sauran yankuna, da na Latin. Layin gyaɗa zai ce gujiya a Sakkwato da Nijar, *Arachis hypogaea*. Na ƙarƙashinsa zai ce gurjiya, kwaruru a yamma, *Vigna subterranea*, tare da jan layi a ƙarƙashin gargaɗin cewa kada a rubuta gujiya ita kaɗai a rahoton farashi.